Windows 11 ya tsaya a tsakiya, kwamfuta ta ƙi tashi, memuwar ɗina na ciki

Ƴar Garin Malam: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a taimaka mini, hankalina a tashe yake. Daren jiya wani ɗan ajinmu ya zo da kile ya ce zai ɗora mini Windows 11 a kan Windows 10 ɗin da nake da shi, ba abin da zai goge. Aiki ya yi nisa, kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi, tana nuna sittin da wani abu cikin ɗari, ga rubutun nan na "N'éteignez pas votre ordinateur", sai kuran ya ɗauke. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jone take aiki, nan take ta mutu. Da wuta ta dawo na kunna, sai shuɗin allo, ta sake tashi, shuɗin allo kuma. Haka take yi har yanzu. Memuwar ɗina na Master na ciki, babi huɗu da duk hirarrakin da na ɗauko a ƙauyukan Miriya. Babi na ɗaya kaɗai ke gare ni a waya. Mako mai zuwa zan miƙa.

Mai Saiba na Sabon Gari: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kawo ta shago a formate ta, awa ɗaya an gama. Windows ɗin da aka katse a tsakiya ba ya komawa daidai, ɓata lokaci ne kawai.

Mushen Lissafi: Haba Patron! Yarinya ta ce maka wahalar shekara guda na ciki, kai kuma abin da ya fara fitowa daga bakinka formate? Ɗiyata, kada ki bar kowa ya taɓa ta tukuna, har shi ɗan ajin naku. Kuma ki daina kunnawa kina kashewa. Kashe ta ki ajiye, a bi abin a hankali.

Bakaniken Zango: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ɗaukewar wuta ba ta cika cinye fayil ɗin da ke ajiye ba, abin da take lalatawa shi ne wanda ake cikin rubutawa a lokacin. Abu uku nake so ki gaya mini. A ƙasan shuɗin allon akwai inda aka rubuta "Code d'arrêt", me ke gabansa? Wane irin processeur ne, duba takardar da ke manne kusa da klabiye? Sannan kafin jiya, takan yi nauyi ko ki ji wani ƙas-ƙas daga ciki?

Ƴar Garin Malam: Yaya, an rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Takardar ta ce Core i5, a risit ɗin kuma i5-7200U. Ta hannu ce, babana ya sayo mini a Kano. Ba ta ƙara, ba ta da nauyi. Wani lokaci takan rubuta "Préparation de la réparation automatique" sai allo ya yi baƙi.

Bakaniken Zango: Madalla. Ma'anar wannan kod ɗin ita ce Windows ya fara tashi, amma da ya juya zai ci gaba da karanta disk ɗin da yake zaune a kai, sai ya kasa kai wa gare shi. Abubuwan da suka fi kawo shi: ko disk ɗin na mutuwa, ko pilot ɗin, wato ɗan lojisiyel ɗin da ke magana da disk ɗin, bai gama shiga ba lokacin da wuta ta tafi, ko kuma wani saiti ya canza a BIOS, wato shirin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya fara. Biyun ƙarshe ana gyara su ba tare da an rasa ko harafi ɗaya ba. Amma ba za mu gwada komai ba sai memuwar ya fita daga cikinta.

Mai Saiba na Sabon Gari: Mushe, ka yi mini gurguwar fahimta. Ni ban ce a zubar da aikinta ba. Kwance disk ɗin nake, in sa shi a akwatin USB, in jona da wata kwamfuta in kwashe komai, sannan in formate. Ko ba a kwance ba ma, in ka ɗora sabon Windows a kan wancan ɓangaren ba ka taɓa "Formater" ko "Supprimer" ba, shi da kansa yake tattara tsohon ya zuba a dosiyen Windows.old. Mun san aikinmu.

Mushen Lissafi: Kai ka san aikinka. Yaran da kake bari a shago in ka tafi sallah fa? Na ga malamin da aka goge wa makin ɗalibai na zango guda a wani shago, ba naka ba, don wanda ya karɓa bai tambaye shi ko akwai abu a ciki ba. In ka ce wa mutum "formate" ba ka ce "kwashe" ba, formate ɗin kawai zai riƙe.

Bakaniken Zango: Maganar Patron ta akwatin USB gaskiya ce, hanya ce mai kyau. Ta biyun ce ban yarda da ita ba a nan. Ɗora sabon Windows rubutu ne mai yawa a kan disk ɗin da ba mu tabbatar da lafiyarsa ba, kuma zai rufe ƙofar komawa Windows 10 ɗinta da duk lojisiyel ɗin da ke kai. Ƙanwata, kilen nan da aka yi aikin da shi yana hannunki? Ki nemo wani kile na biyu mai wuri, ko da jiga 16.

Ƴar Garin Malam: Yana nan, ya bar mini shi. Na aro na biyu wurin maƙwabciyarmu.

Bakaniken Zango: To soka su duka biyun. Ki kunna, ki yi ta danna makunnin da ke fito da jerin abin da za a tashi da shi. A Dell da Lenovo F12 ne galibi, a HP F9, ko Esc sannan F9. Zaɓi kilen Windows. Idan allon zaɓen harshe ya fito, KADA ki danna "Installer". Riƙe Maj, wato Shift, ki danna F10, in bai yi ba ki haɗa da Fn. Baƙar taga za ta buɗe. Rubuta notepad ki danna Entrée.

Ƴar Garin Malam: Baƙar tagar ta buɗe, amma in na rubuta sai ya fito notepqd. Na goge na sake, haka dai.

Ɗan Linux: Hahaha, Anti, klabiyenki na Kano ne, QWERTY, kilen kuma na Faransanci ne, yana ɗauka AZERTY gare ki. Danna Q zai ba ki a. Haka W da Z ma sun yi musanya, M kuma ya koma gefen L.

Ƴar Garin Malam: Ya yi! Bloc-notes ya buɗe.

Bakaniken Zango: Yanzu Fichier, sai Ouvrir. Ba wani abu za mu buɗe ba, tagar kawai muke so don tana nuna disk. A ƙasa inda aka ce "Fichiers texte" ki mai da shi "Tous les fichiers", in ba haka ba ba za ki ga Word ɗinki ba. Shiga "Ce PC". Kada harafin ya ruɗe ki, a nan disk ɗinki zai iya zama D ko E, X kuma na kilen ne da ke aiki a ƙwaƙwalwa. Nemi mafi girma, shiga Utilisateurs, sai sunanki, sai Documents da Bureau.

Ƴar Garin Malam: Innalillahi. Na shiga, babu komai a ciki. Yaya, babu komai wallahi.

Hajiya Mai Fotokopi: Ɗiyata, ja numfashi. Bari ya gama magana.

Bakaniken Zango: Koma baya zuwa farkon disk ɗin. Kin ga dosiye mai suna Windows.old? Lokacin da ake canjin, tsohon Windows da kayan mai shi a can ake matsar da su kafin a dawo da su sabon wuri. Wuta ta tafi suna kan hanya. Shiga Windows.old, sai Users, sai sunanki.

Ƴar Garin Malam: ALHAMDULILLAHI. Suna nan, memuwar da sautukan hirar duka. Hannuna rawa yake.

Bakaniken Zango: Danna dosiyen da hannun dama, Copier, ki je kile na biyu, Coller. Copier fa, ban ce Couper ba. A wannan tagar sau da yawa ba ya nuna miki yadda kwafin ke tafiya, sai ki ga kamar ta daskare. Ki ƙyale ta, ki kalli fitilar kilen in yana da ita. Fara da memuwar shi kaɗai tunda ƙarami ne, sautukan su biyo baya, don in wuta ta sake tafiya mafi muhimmancin ya riga ya fita.

Hajiya Mai Fotokopi: In ya gama kada ki ce an gama. Zo da kilen nan wurina kusa da Kasuwar Dole, ko duk inda akwai kwamfuta, ki buɗe fayil ɗin ki gangara har shafin ƙarshe da idonki. Ɗalibai nawa suka zo mini da kile ranar miƙawa, sunan fayil na nan, girmansa sifiri. Ki tura wa kanki ta imel, ki fitar da PDF ki ajiye a waya. Shi kuma ɗan ajin naku, a gaya masa ba a fafe gora ranar tafiya. Mako ɗaya ya rage wa mutum, kwamfuta babu batir, a watan zafi da wuta ke zuwa tana tafiya, sannan ne za a canza mata Windows?

Ƴar Garin Malam: Hajiya, cewa ya yi Windows 10 ya mutu, wai kowane lokaci zai iya rufewa.

Mushen Lissafi: Wannan jita-jitar ta cika gari, har a ɗakin malamai na ji ta. Abin da ya faru shi ne ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba bayarwa kowane wata, bayan shekara goma da fitowarsa a 2015. Ba ya rufewa, Word ba ya daina buɗewa. Haɗarin yana wajen intanet ne, kuma a hankali yake taruwa, duk ɓarakar da aka gano daga baya ba za a toshe ta ba. Akwai ma shirin ƙarin wa'adi da suke kira ESU, wanda aka sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026 ga masu amfani a gida, in dai Windows 10 ɗin zubin ƙarshe ne, wato 22H2. Ba abin da zai sa a yi wannan aikin cikin dare da gaggawa.

Bakaniken Zango: Kuma wannan kwamfutar ma ba ta cikin waɗanda aka yi Windows 11 dominsu. Kun ga 7200U? Bakwai ɗin farko shi ne zuriyar. Jerin Microsoft daga zuriya ta 8 ya fara a Intel, in ban da ƴan ƙalilan, a AMD kuma daga Ryzen 2000. Yana kuma buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, da BIOS na zamani, wato UEFI mai Secure Boot, da RAM jiga 4, da disk jiga 64. Ke nan kilen nan an yi shi ne da dabarar tsallake binciken, irin wadda Rufus, lojisiyel ɗin haɗa kilen Windows, ke yi.

Mai Saiba na Sabon Gari: To sai me? Kwamfutocin saiba ɗina duka zuriya ta 6 ne da ta 7, duka Windows 11 ke kai, lafiya lau suke aiki. Waye a Damagaram zai zubar da na'ura mai lafiya don an rubuta wata lamba a Amurka? Mafi yawan abin da ke shigowa kasuwarmu irin waɗannan ne. In muka bi jerin nan, rabin gari sai ya koma rubutu da biro.

Bakaniken Zango: Ban ce ba ya aiki ba, ni ma ina ɗora wa mutane in sun nema. Amma ina gaya musu abin da suka saya. Microsoft ya faɗa a fili bai ɗauki alkawarin gyare-gyare ga irin waɗannan ba. Kowane sabon zubi na Windows 11 na gida wata 24 ake kula da shi, kuma na gaba ba ya saba sauko wa na'urar da aka tsallake da ita da kansa, sai an sake zuwa da kile. Kai kana da kile da ilimin, ka ga ba komai. Ɗalibar da za ta koma Tanut ko Gure da kwamfutarta fa? Daga zubin 24H2 ma akwai tsofaffi sosai, irin su Core 2 Duo, da ko an tsallake ba za su tashi ba sam, don processeur ɗin ba shi da wani umarni da ake buƙata.

Ɗan Linux: Shi ya sa nake ta faɗa muku ku sa Linux Mint a madadin Windows. Kyauta ne, ba ruwansa da TPM, wannan i5 ɗin gudu zai yi a kai, Mint 22 kuma ana kula da shi har 2029. Da kilen Mint ne ma da tuni ta kwashe fayil ɗin da linzami, ba sai an bi ta Bloc-notes ba.

Hajiya Mai Fotokopi: Ɗana, kai kullum waƙarka ɗaya. Ni nake buga memuwar ɗin nan. Wanda aka fara a Word aka ƙarasa a LibreOffice ina gane shi tun daga shafin farko, tebur ya zame, lambar shafi ta yi tsalle, jerin babi ya hargitse. Bayan sutnans ta sa abin da ta ga dama. Yanzu a'a.

Ɗan Linux: In an fitar da PDF ba abin da ke zamewa, Hajiya.

Hajiya Mai Fotokopi: Malaminta da zai yi mata gyara a cikin fayil ɗin, PDF zai gyara?

Ƴar Garin Malam: Na dawo. Na buɗe a kwamfutar maƙwabciyarmu, shafi 94 cif, sautukan ma suna yi. Na tura imel. Allah ya saka muku da alheri. Yanzu ita kwamfutar fa, Yaya?

Bakaniken Zango: Yanzu za mu iya taɓa ta da kwanciyar rai. Cire kilen duka biyu. Kunna ki yi ta danna F2, in HP ce F10, har ki shiga BIOS. Kafin ki taɓa komai, gaya mini kwanan wata da agogon da ta nuna.

Ƴar Garin Malam: Agogon ba daidai ba ne, shekarar ma ta koma baya sosai. Dama takan yi haka in ta kwana ba a jone ba, sai in gyara.

Bakaniken Zango: To ga shi nan. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir fari, kamar tsabar dala goma, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta. Naki ya mutu, babban batir ma ya mutu. Nemi inda aka rubuta SATA Operation ko SATA Mode, galibi ƙarƙashin System Configuration ko Storage. Saitin hanyar da kwamfuta ke magana da disk ne. Me aka zaɓa, AHCI ko RAID?

Ƴar Garin Malam: RAID On.

Bakaniken Zango: Zatona ke nan. Masu sayar da na hannu sukan mai da shi AHCI kafin su ɗora Windows, don ya fi sauƙi. Windows ɗinki da pilot ɗin AHCI ya saba tashi. In BIOS ya koma yadda ya fito daga masana'anta ya zama RAID, sai Windows ya nemi disk ta hanyar da ya sani ya rasa, shi ne wannan kod ɗin. Ɗauki hoton allon da waya, ki mai da shi AHCI, ki gyara kwanan wata, ki ajiye ki fita. Zai yi miki gargaɗi, ki amsa. In bai yi ba za mu mai da shi yadda yake, ba abin da zai goge.

Mai Saiba na Sabon Gari: Ina da ja. In batirin ya daɗe da mutuwa har agogo na ɓacewa, me ya sa saitin bai koma RAID tun tuni ba sai jiya?

Bakaniken Zango: Tambaya mai kyau, Patron. Wasu kwamfutocin, agogo kaɗai suke mantawa, saitin na wani wurin da ba ya buƙatar batir. Amma in na'ura ta mutu farat ɗaya ko ta yi ta kasa tashi a jere, wasu BIOS ɗin sukan koma saitin asali da kansu. Gwajin minti biyu ne, shi zai raba mu.

Baban Yara, Magarya: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni da na taɓa BIOS a ta ofis, wani shuɗin allo ya fito yana neman "clé de récupération". Kada yarinyar nan ta faɗa ciki.

Mushen Lissafi: BitLocker ke nan, Alhaji, makullin disk. Lamba 48 yake nema, kuma in da asusun Microsoft aka shiga kwamfutar, galibi lambar na ajiye a cikin asusun, ana dubawa ta waya. Ta ofis kuwa sai wurin mai kula da na'urorinku. In babu lambar, babu bakaniken da zai buɗe shi, ko a Kano ko a Yamai. Ita dai ta riga ta kwashe kayanta, ko ya fito ba zai cuce ta ba. Duk wanda ya ɗora sabon Windows 11 kwanan nan ya shiga da asusu, ya je ya duba, don yana iya kulle disk ɗin da kansa bai tambaye ka ba.

Ƴar Garin Malam: Shuɗin allon bai fito ba! Ɗigo-ɗigon nan suna juyawa, an rubuta "Annulation des modifications apportées à votre ordinateur".

Bakaniken Zango: Yana kwance abin da ya fara ne, zai mai da ke Windows 10. Wannan shi ne wuri mafi haɗari yanzu, kada wuta ta yanke. Akwai ondilar ko pano a gidan?

Ƴar Garin Malam: Babu, amma kuran na nan tun la'asar.

Hajiya Mai Fotokopi: Allah ya tsare. Kowa ya yi shiru da bakinsa.

Ƴar Garin Malam: Ta tashi! Hoton allona ya dawo, Word na nan, fayil ɗin sun koma Documents. Wani saƙo ya fito da lamba 0xC1900101.

Bakaniken Zango: Wannan shaida ce kawai cewa canjin bai yiwu ba ya koma baya, yawanci pilot yake nunawa. Rufe shi. Buɗe Invite de commandes a matsayin administrateur ki rubuta sfc /scannow, ki bar shi ya kai ɗari, don ya duba ko yankewar ta taɓa wani fayil na Windows. Kada ki sake soka kilen Windows 11 ɗin nan.

Mai Saiba na Sabon Gari: To, Malam, ka ci wannan. Amma awa nawa aka yi? Tun hantsi ake abu ɗaya. A shago mutum goma na jira ba zan iya wannan ba, kuma in na ce a biya kuɗin yini guda, wa zai biya? Jikka biyu ma sai an yi ciniki.

Mushen Lissafi: Da ka formate da RAID ɗin a kunne, Windows zai shiga ya yi aiki, ba wanda zai san batirin nan ya mutu, sai ranar da agogo ya ɓace shafukan intanet suka fara ƙin buɗewa ta dawo maka. Ka sa farashi biyu mana, na formate da na ceto, mai kaya ya zaɓa.

Mai Saiba na Sabon Gari: Za su zaɓi mai arha, sannan su zo suna kuka. Na san mutanena.

Ƴar Garin Malam: Yaya, ɗan batirin nan nawa ne, kuma in kawo ta yanzu ko in bari?

Bakaniken Zango: Ba shi da tsada. CR2032 ne a yawancinsu, masu gyaran agogo ma na da shi, sai dai na laftof yakan zo a naɗe da ƴar waya mai kai biyu, sai na buɗe na ga irin naki. Cire shi kuma zai iya sake mai da BIOS asali, don haka ki bari sai kin miƙa. Kafin nan in shuɗin allon ya dawo, kin san wurin: F2, SATA, AHCI. Kowane dare ki tura wa kanki fayil ɗin. Ranar da za ki zo ki taho da sharjar, mu auna babban batirin ma mu ga ko ana samun irinsa a nan ko sai an aika Kano.